Babi na Biyar: Halin da Shanu Ke Shiga a Bayan Tirela

Kafin hanyar jirgin ƙasa ta haɗa Ikko da Kano a shekarar 1912, har ma bayan haka da shekaru masu yawa, saniyar da aka nufi Kurmi da ita da ƙafarta take zuwa, fatake suna kora ta zango zango, ta bi ta Zariya ta gangara ƙasar Nufe, ta haye kogin Kwara a Jebba, ta ratsa Ilori har ta isa Badun, tafiyar da takan ci makonni, wani lokaci ma ta wuce wata guda. Babu wanda ya san wannan tafarki da zai ce mai sauƙi ne, domin da zarar an bar ƙasar Hausa an shiga dazuzzukan da ƙudan tsando ya yi wa katutu, sai sammore ya fara kama dabbobi, waɗansu su rame, waɗansu su faɗi a hanya. Amma duk da wannan wahala, saniyar wancan zamani tana tafiya ne bisa ɗabi'ar da Allah Ya halicce ta a kai: ta yi kiwo da hantsi, ta sha ruwa inda aka tarar da mashaya, ta kwanta da dare ta yi tuƙa a tsakiyar 'yan'uwanta, muryar mai korarta kuma ta zama sananniya gare ta.

Jirgin ƙasa ya rage wannan tafiya, ya riƙa kwasar shanu daga Kano da Nguru da Ƙaura Namoda. Sa'ad da kuma harkarsa ta yi rauni, hanyoyin kwalta suka yawaita, sai babbar mota ta gaje shi. Yau idan mutum ya je karar Fataskum, ko ta Maigatari, ko Wudil, ko Mubi, ko Illela, ranar da kasuwa ke ci, zai tarar da tireloli sun yi jerin gwano suna jiran shanun da waɗansunsu daga Nijar ko Cadi ko Kamaru aka koro su, za a kai su mayankar Oko-Oba da ke Agege, ko Badun, ko Anacha, ko Fatakwal. Daga Kano zuwa Ikko kusan kilomita 1000 ne, daga Fataskum ya ɗara haka nesa, motar shanu kuwa takan yi kwana 2 ko 3 a hanya. An ci riba ta fuskar lokaci, wannan babu jayayya. Abin da nake so mai karatu ya tsaya ya duba shi ne abin da aka karɓe wa dabbar a madadin wannan sauri, domin a cikin waɗannan kwanaki ba ta kiwo, ba ta sha, ba ta kwanciya yadda take so, ba ta kuma san ko ɗaya daga cikin waɗanda ke kewaye da ita ba, mutum ne ko dabba.

Wahalar tana farawa tun ba a ta da mota ba. Saniya dabba ce ta jama'a, kowane garke kuma da tsarinsa na girma, ta yadda kowace ta san wadda za ta kauce wa a bakin mashaya da wadda za ta kauce mata, wannan sani kuwa shi ne ke hana faɗa a tsakaninsu. Falke yana sayen biyu nan, uku can, ta hannun dillalai daban daban, har a wayi gari an haɗa bijimin turka da ya yi watanni ana ba shi dusa da harawa a inuwar gida, da san daji wanda bai taɓa kusantar bango ba, da tsohuwar saniyar da ta gama haihuwa, duka a mota ɗaya. Tilas ne su sake tantance na gaba da na baya, hanyar da suka sani kuwa ita ce tunkuyi da hawan juna, a wurin da wanda aka rinjaya ba shi da sararin da zai ja da baya ya nuna ya sallama.

Sa'an nan a zo wajen lodi, wanda likitocin dabbobi suka daɗe da lura cewa yana daga cikin lokutan da bugun zuciyar dabba ya fi tsananta a dukan tafiyar. Idanun saniya a gefen kai suke, saboda haka tana ganin kusan duk abin da ke kewaye da ita, fiye da digiri 300, in ban da ɗan gurbin da ke bayanta daidai. Amma hikimar da ta ba ta wannan faɗin gani, don ta hango kura ko zaki alhali kanta yana cikin ciyawa, ita ce ta rage mata iya ƙiyasta zurfin abin da ke gabanta a ƙasa. Inuwar da ta gitta a hanya, da tazarar da ke tsakanin tudun lodi da bakin mota, da ƙyallin ruwa ko na ƙarfe, da tsumman da iska ke kaɗawa, da duhun cikin mota ga wadda ta fito daga hasken rana, kowane ɗaya daga cikinsu ya isa ya tsai da ita cak. Takan tsaya ta sunkuyar da kai don ta duba da kyau ta sansana, da kuma za a ba ta ɗan lokaci kaɗan, da ta wuce da kanta. Amma a daidai wannan lokaci ne sanda ke sauka a gadon bayanta, wani ya murɗe wutsiya, wani ya fizgi igiyar ƙaho, ihu ya tashi ta kowace fuska, alhali kunnenta ya fi namu jin ƙara mai tsini. 'Yan lodi su ce taurin kai gare ta. Ni kuwa ban ga komai a nan ba face tsoro tsantsa, duka kuma ƙara shi yake yi, har dabbar ta durƙushe ta ƙi tashi, ko ta juyo ta auka wa mai ja.

Wata malama Ba'amurkiya, Temple Grandin ta Jami'ar Jihar Kolorado, wadda ta shafe shekaru tana tsara wuraren lodin shanu da mayanku, ta bayyana cewa kafaɗar saniya ita ce ma'aunin motsinta: idan mutum ya tsaya ta bayan kafaɗa sai ta yi gaba, idan ya tsaya ta gabanta sai ta ja da baya. Kowane yaro makiyayi a ruga ya san wannan tun kafin ya iya riƙe sanda da kyau, ya kuma san cewa shanu suna bin na gabansu idan an bar su su gan shi. Abin takaicin shi ne wanda ya san saniya ya rabu da ita tun a kara, waɗanda suka karɓe ta kuwa ladansu ya rataya ne ga yawan abin da suka loda kafin faɗuwar rana.

Abin da ke gudana a cikin jikinta a wannan hali ba ɓoyayye ba ne, domin ana auna shi a jini. A saman kowace ƙoda akwai wata 'yar tsoka da ke fitar da sinadarin adirenalin da zarar an firgita, sai zuciya ta tsananta bugu, numfashi ya yi sauri, jini ya bar kayan ciki ya koma ga ƙafafu; bayan 'yan mintoci kuma kotisol ya biyo baya, ya buɗe rumbun sukarin da jiki ya tanada don a samu ƙarfin gudu. Wannan tanadi rahama ne ga dabbar da za ta kuɓuce wa maƙiyi a cikin ɗan lokaci ta koma kiwonta, amma idan firgicin ya zarce yini da kwana babu yankewa sai ya koma illa, ya cinye ajiyar jiki, ya raunana garkuwarsa. Alamominsa a fili suke ga mai lura: farin ido ya bayyana, jiki ya ɗauki rawa, fitsari da kashi su riƙa zuba a kai a kai, kashin ma ya tsinke. Tun kafin mota ta fita daga gari, daɓen ƙarfen da shanun ke tsaye a kai ya riga ya jiƙe ya yi santsi, in ba a shimfiɗa masa yashi ko ɓuntun shinkafa mai kauri ba.

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bayan akori-kura a kan hanya mai ramuka, ba tare da ya samu abin kamawa ba, ya ɗanɗani kaɗan daga abin da saniya ke fama da shi daga Fataskum har Ikko. Takan buɗe ƙafafunta ta kafe su, ta juya jikinta ko dai ta gitta wa mota ko ta daidaita da tsawonta, ta sassauta kai ƙasa, kowace tsoka kuma tana aiki don kada ta faɗi. Binciken da aka yi a ƙasashe daban daban ya haɗu a kan cewa mafi yawan tangaɗi da faɗuwa suna aukuwa ne sa'ad da direba ya taka birki da ƙarfi, ko ya sha kwana da gudu, ko ya fizgi mota wajen canja giya. A gida saniya takan shafe kusan rabin kwananta a kwance. A mota kuwa takan daure a tsaye sa'o'i masu yawa, domin ta san kwanciya a tsakiyar kofatai haɗari ce, sai gajiya ta ci ƙarfinta tukuna.

A nan ne ya kamata a yi magana a kan wata hujja da ta yaɗu a tsakanin masu wannan sana'a, watau cewa matse shanu alheri ne gare su, wai idan sun cika maƙil sai su tokare juna, babu mai faɗuwa. Akwai ɗan ƙamshin gaskiya a ciki, domin 'yan shanu kaɗan a cikin mota mai faɗi, babu shinge a tsakani, sukan yi ta gwaruwa da bango. Sai dai gwajin da masana suka yi a ƙasar Ailan, ƙarƙashin wani mai suna Tarrant, ya nuna cewa idan matsi ya wuce kima, faɗuwa da ƙujewa da kotisol duka ƙaruwa suke yi, saboda dabbar ba ta da inda za ta gusar da ƙafa ta gyara tsayuwa, idan kuma ta faɗi sai sauran su rufe gurbin da ta bari, ta rasa ta inda za ta miƙe. Dokar Tarayyar Turai ta ƙayyade wa sa mai nauyin kilo 325 fili daga murabba'in mita 0.95 zuwa 1.30. Idan aka yi lissafi da tirela mai tsawon mita 12 da faɗin mita 2.4, abin da zai fito bai wuce shanu 22 zuwa 30 ba, wannan kuwa ga shanun Turai ne waɗanda galibinsu ba su da ƙaho. Mai karatu ya ƙidaya kawunan da ke cikin tirelar farko da zai gamu da ita a hanyar Kaduna, ya kuma tuna da buhunan kaya da mutanen da ke zaune a samansu.

Ƙaho kuwa babbar mas'ala ce a wurinmu. Masana a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya sun bi shanun da aka ɗauka a mota lokacin bazara, suka kwatanta Rahaji da Bunaji da Bokoloji, suka tarar masu dogon ƙaho, musamman jajayen Rahaji, sun fi wuyar lodi sun kuma fi samun raunuka, Bokolo mai gajeren ƙaho da sanyin hali kuwa ya fi fita lafiya. Dabarar da aka saba yi ita ce a ɗaure ƙahonin a jikin ƙarfen mota, wani lokaci a ɗaga kai sama, wani lokaci ma a kayar da dabbar a ɗaure ƙafafunta ta yi tafiyar a kwance. Ɗaurin yana rage sukar juna, amma yana hana ta sauke kai, alhali da kai da wuya take daidaita tsayuwarta, da sauke kai kuma take fitar da majina da ƙurar da ta shaƙa. Wadda aka kwantar a gefe guda kuwa tata ta fi muni, domin tumbin saniya ba ya daina haifar da iska, gyatsa ce ke fitar da ita, kwanciyar gefe kuma tana toshe wannan hanya, sai ciki ya kumbura ya danne huhu; nauyin jikinta kuma ya danne tsoka da jijiyoyin ƙafar da ke ƙasa, ta yadda bayan sa'o'i ko an kwance ta ba za ta iya tashi ba.

Saboda wannan ne masu rakiyar shanu ba sa rabuwa da wuƙa, suna tafe suna leƙen wadda ta faɗi, idan sun ga rai na shirin yin halinsa sai su yi maza su yanka don kada ta zama mushe. Ya kamata a nan a tuna da wani hukunci da kowane almajirin fiƙihu ya karanta. Suratul Ma'ida ta ambaci dabbar da aka shaƙe, da wadda aka buge, da wadda ta faɗo, da wadda aka tunkuya, malaman Malikiyya kuma suka yi bayani cewa idan raunin ya kai ga makasa, kamar yankewar laka ko hujewar hanji, yanka ba ya halatta ta. Mai tunani zai ga cewa duka huɗun nan suna iya haɗuwa a cikin tirela ɗaya a dare ɗaya: igiya tana shaƙewa, sanda tana bugu, santsi yana kayarwa, ƙaho yana suka. Wanda ke yanka a cikin duhu, mota tana gudu, ta yaya zai tabbatar da abin da ya riga ya auku a cikin jikin dabbar? Naman kuwa kasuwa za a kai shi.

Ga kuma zafi da ƙishirwa. A watannin Maris zuwa Mayu zafin rana a Arewa yakan wuce digiri 40, babbar saniya kuma a irin wannan lokaci tana bukatar ruwa lita 30 zuwa 40 a yini, ko fiye. Shanunmu masu tozo suna da juriyar zafi ƙwarai, suna fitar da shi ta gumi da haki, amma gumi ba ya sanyaya jiki sai iska ta busar da shi, a cikin matsi kuwa kowace dabba tana karɓar zafin maƙwabciyarta ta hagu da dama. Muddin mota tana tafiya akwai ɗan sauƙi. Musibar tana zuwa ne sa'ad da ta tsaya, ko a shingen masu karɓar haraji inda ake jayayya a kan kuɗi, ko a cunkoson da lalacewar hanya ta haddasa, ko don taya ta fashe da tsakar rana. Iska ta ɗauke, tururin fitsari ya taso, shanu su buɗe baki su zaro harshe, yawu yana dalala. Gwargwadon yadda aka gangara Kudu, gwargwadon yadda laimar iska ke ƙaruwa, gumin ya ƙi bushewa, sai a iske mafi tsananin zafin ya riski dabbar a lokacin da ruwan jikinta ya fi ƙaranci. Da hunturu kuma akasin haka ne, iskar dare mai sanyi tana dukan jikin da ya jiƙe.

Saniyar da hankalinta yake kwance takan yi kusan sa'o'i 8 a kwana tana tuƙa, makiyaya kuma da tuƙa suke gane lafiyar dabba. A mota tuƙa tana raguwa ƙwarai ko ta tsaya. Ƙananan halittun da ke cikin tumbi, waɗanda su ne ke narka ciyawa, suna raguwa idan abinci da ruwa suka yanke, shi ya sa dabbar da aka sauke takan yi kwanaki ba ta koma cin abinci sosai ba ko da an zube mata shi a gaba. A doguwar tafiya nauyinta kan iya raguwa da kashi 10 cikin 100. Na farkon abin da ke cikin tumbi ne, wanda ke dawowa da sauri, amma na bayan ruwan tsoka ne da naman kanta. Idan yanka ta za a yi nan da nan, sai illar ta bayyana a kan teburin mahauci. Sukarin da ke ajiye a tsoka shi ne ke juyawa ya zama tsami bayan yanka, tsamin nan kuma shi ke ba nama jan launi da taushi, ya jinkirta ruɓarsa. Dabbar da firgici da gajiya suka ƙone mata wannan ajiya, namanta yakan fito baƙi baƙi, mai tauri, ya kuma yi saurin lalacewa, a ƙasar da nama ke yini a fili babu firiji. Wuraren da jini ya kwanta sai an yanke an zubar, fatar da ƙaho da igiya suka yayyage kuma ta faɗi daraja a majema. Idan kuwa ajiye ta za a yi, don layya ko turka ko huɗa, to sau da yawa bayan mako 1 ko 2 sai zazzaɓi da tari da majina su bayyana, domin ƙwayoyin cutar da ke zaune lami lafiya a hancinta sun samu garkuwa ta yi rauni sun gangara huhu. Mai saye ya ce an sayar masa da marar lafiya, alhali a hanya ta kamu.

Waɗansu ƙasashe sun daɗe da sa doka a kan wannan. Amurka ta kafa tata tun 1873, zamanin da jiragen ƙasa ke kwasar shanu, ta hana a tsare dabba fiye da sa'o'i 28 ba a sauke ta ta ci ta sha ta huta ba. Tarayyar Turai a dokarta ta 2005 ta yarda a yi tafiyar sa'o'i 14 da manyan shanu, a tsaya aƙalla sa'a 1 a ba su ruwa, a ƙara 14, sa'an nan a sauke su su huta sa'o'i 24. Mu kuwa ba baƙin wannan magana ba ne, domin malaman fiƙihu sun wajabta wa mai dabba nafaƙarta, ci da sha, sun kuma hana a ɗora mata abin da ba za ta iya ba, littattafan hisba ma sun sa wannan a cikin abin da muhtasibi zai riƙa dubawa a kasuwa. Ban ga ta inda wannan haƙƙi zai faɗi don kawai an sayi dabbar da nufin yanka ba; bal ma ina ganin a nan ya fi ƙarfi, tun da an ɗaure ta an hana ta neman wa kanta komai.

Dalilin da ya sa abin ya ƙi gyaruwa, a ganina, shi ne hasarar ta rarrabu har babu wanda ke ganinta a matsayin tasa. Falke yana biyan kuɗin mota dunƙule, saboda haka kowane kai da ya ƙara riba ce a lissafinsa. Direba yana son ya sauke ya ɗauko wani kaya. Mahauci ya karɓi ramammen sa ya rage farashi. Mai cin nama bai san yadda naman da ba a wahalar ba yake ba. Wadda ta mutu a hanya ake lissafawa, a ce ƙaddara ce, sauran da suka isa da rai kuwa ba a auna abin da suka zubar, tun da a kararmu da ido ake ciniki. Alhali mafi yawan gyaran bai fi ƙarfin ƙungiyoyin dillalai da na direbobi ba: a gina tudun lodi wanda ya yi daidai da bakin mota, mai bango a gefe, marar santsi, a shayar da shanu a ba su ciyawa kafin a loda su, a raba manya da ƙanana, da masu dogon ƙaho da marasa shi, a tashi da yamma a lokacin bazara, a ba motar dabbobi hanya a shingaye. Zango a tsakiyar hanya, kamar a Mokwa ga masu zuwa Ikko, ko a Lokoja ga masu nufar Anacha da Fatakwal, inda akwai inuwa da kwamin ruwa da likitan dabbobi, wannan aikin hukuma ne, yana kuma da sharaɗi: idan za a sauke shanun ne a sake loda su da sanda da murɗar wutsiya, a cakuɗa su da na wata mota, to shayar da su a cikin motar, a ƙarƙashin inuwa, ya fi musu sauƙi.